Lita Nawa Mota Ke Sha? Yadda Ake Lissafin Fenti Kafin Ka Yi Wa Motarka Da Kanka

Mota guda, girmanta bai ƙaru ba bai ragu ba, tana iya shan lita 4 ta haɗaɗɗen fenti, tana kuma iya shan lita 10. Abin da ke kawo wannan tazara shi ne irin fentin da ka zaɓa, da launinsa, da bindigar da za ka fesa da ita, sai kuma hannunka. Shi ya sa idan aka ce maka "galan ɗaya ya isa", sai ka tambaya: wane galan? Na Amurka lita 3.8 ne, na Ingila kuwa lita 4.5. Sannan galan ɗin nan, kafin a zuba masa hadina (sinadarin da ke sa fenti ya daskare ya yi ƙarfi) da tina (ruwan da ke tsinka shi) ake nufi, ko bayan an zuba? A nan mafi yawan masu sabon hannu ke ruɗewa. Fentin da ke cikin gwangwani daban, wanda ke shiga kofin bindiga daban. Duk lissafin kirki ana fara shi ne da haɗaɗɗen, sannan a dawo baya a gano abin da za a saya.

Fara da awon motar

Ɗauki tef ɗin awo ka bi motar ɓangare-ɓangare, kana ninka tsawo da faɗi, kana tsallake gilasai da fitilu da ramin tayoyi. Ga misalin mota matsakaiciya mai ƙofa huɗu, mai tsawon kamar mita 4.7. Kowane gefe, daga ƙasan gilashi zuwa ƙasan ƙofa, idan ka cire ramin tayoyi ka ƙara ginshiƙan da ke riƙe da rufi, zai ba ka murabba'in mita 3 da ɗoriya. Gefe biyu sun kama 6.5 ke nan. Bonet kamar 1.8, rufi ma haka, murfin but 1.2, bamba ta gaba da ta baya kamar 2 a haɗe. Jimla ta tashi wajen murabba'in mita 13. Ƙaramar mota mai gajeren baya ba ta cika wuce 9 zuwa 10 ba. Babbar jif tana kai 15 zuwa 18, ƙaramar bas kuma tana haura 20, saboda gefunanta dogaye ne kuma rufinta shimfiɗeɗɗe.

Wannan awon na waje ne kawai. Idan launin za ka canza gaba ɗaya, dole ka shiga bakin ƙofofi, da cikin bonet, da cikin murfin but, in ba haka ba duk wanda ya buɗe ƙofa zai ga tsohon launi yana leƙowa. Waɗannan wurare faɗinsu ba shi da yawa, amma lungu ne da saƙo, rabin abin da ka fesa iska ce ke ɗauka. Ƙara kashi ɗaya bisa uku a kan lissafinka saboda su.

Abin da shafi ɗaya ke ci

Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce: lita ɗaya ta haɗaɗɗen fenti tana rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafi ɗaya, da bindiga mai kyau. Wato zagaye ɗaya na motar nan mai mita 13 zai ci lita 1.3 zuwa 1.6. Ninka da yawan shafin da za ka yi, ka samu abin da kake nema.

Wanda ke son ya tabbatar da kansa, akwai hanya. Kowane fenti yana da takardar bayani daga kamfaninsa, kuma a ciki za ka ga abu biyu: kason daskararren abu da ke saura a jikin mota bayan tina ta bushe, da kaurin da ake so fentin ya yi, wanda ake aunawa da maikiron. Maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya. Ka ninka kason daskararren da 10, ka raba da kaurin. Misali kiliya, wato shafin nan marar launi da ake fesawa a kan launi don sheƙi, mai kashi 45 cikin ɗari, ana son kaurin maikiron 50: 450 a raba da 50, ya ba da murabba'in mita 9 a kowace lita, an gama dukkan shafuka. Sai dai wannan lissafin takarda ne, kamar a ce ko ɗigo bai zube ba. A zahiri bindigar HVLP mai ƙarancin matsin iska, idan an saita ta daidai, kusan kashi 65 cikin ɗari take kai wa jikin mota. Tsohuwar bindiga mai ƙarfin iska kuwa da ƙyar take kai kashi 30 zuwa 40, sauran ya zama hazo ya sauka a ƙasa da bango da gashin kanka. Mai sabon hannu ya ɗauka rabi ne zai zauna. Mita 9 ta koma 4.5, mota mai mita 13 za ta sha kusan lita 3 ta haɗaɗɗiyar kiliya.

Fenti mai ƙyallin kansa, ko bes da kiliya?

Nan ne ainihin zaɓin yake, sauran hanyoyin na gefe ne.

Fenti mai ƙyallin kansa, wanda ake rubuta 2K a gwangwaninsa, launi da sheƙi duk a haɗe suke. Ana zuba masa hadina, yawanci huɗu na fenti, ɗaya na hadina, ɗaya na tina, wasu kuma biyu da ɗaya sai ɗan tina kamar kashi 10 cikin ɗari. Shafi biyu zuwa uku ake yi, a bar minti 10 zuwa 15 tsakaninsu. Ga motarmu, shafi uku sun kama lita 4 zuwa 4.8 haɗaɗɗe. Da awon huɗu-ɗaya-ɗaya, fentin shi ne kashi biyu bisa uku na haɗin, wato lita 3 da ɗan kai. Mai hannun da ya saba zai iya gamawa da lita 3. Wanda wannan ce motarsa ta farko ya sayi lita 4 ta fenti, lita 1 ta hadina, lita 1 ta tina, ya samu lita 6 a hannu, hankalinsa kwance.

Bes da kiliya aiki biyu ne. Bes shi ne launin, ba shi da sheƙi, yana bushewa da sauri. Yawanci tina kawai ake zuba masa, ɗaya da ɗaya ko biyu da ɗaya, don haka lita 2 da ka saya tana iya zama lita 4 a kofi. Wannan na sa mutum ya ga kamar ya yi riba, amma bes ruwa-ruwa ne, shafinsa siriri, kuma bai yi ba sai tsohon launi ko firaima (shafin ƙasa da ake fesawa kafin launi) ta ɓace ƙurmus. Shafi biyu zuwa uku ga launi mai rufi, wato lita 3 zuwa 4.5 haɗaɗɗe. Sayen lita 2 zuwa 2.5 ya wadatar idan ɗaya da ɗaya ne. Daga nan sai kiliya, wadda ita ce ke ba da sheƙi da kariya daga rana. Awonta biyu da ɗaya ko huɗu da ɗaya. Lita 2 ta kiliya da lita 1 ta hadina sun ba ka lita 3, wadda ta isa shafi biyu cif, babu rara. Idan kana da niyyar goge saman da samfefa mai laushi ka yi folish daga baya, kuma kusan duk wanda ya yi feshi a gida sai ya yi hakan saboda ƙura, to shafi uku za ka yi: lita 3 ta kiliya da lita ɗaya da rabi ta hadina. Gogewa tana cin kauri. Kiliya mai shafi biyu sirara idan ta sha samfefa, a gefen bonet da kan layukan jiki za ka fara ganin ta huje.

In ka haɗa, bes da kiliya za su sa ka fesa lita 7 zuwa 9, ka zagaya motar sau biyar ko shida, alhali mai ƙyallin kansa lita 4 zuwa 5 ne da zagaye uku. Kowane ƙarin zagaye ƙarin dama ce ga ƙura da ƙwaro da tiyon iska ya goga jikin ƙofa.

To me ya sa mutum zai ɗora wa kansa bes da kiliya? Saboda launi. Idan launin motar mai ƙyalƙyalin ƙarfe ne, irin su azurfa, ruwan toka mai walƙiya ko shuɗi mai tartsatsi, babu wata shawara, bes da kiliya ne. Ƙananan ɓarɓashin alminiyam da ke cikin irin wannan fenti suna son su kwanta a siririn shafi mai saurin bushewa. A cikin fenti mai ƙyallin kansa, wanda ake fesawa da kauri don ya yi sheƙi, ɓarɓashin sai su yi ta iyo, su taru nan su watse can, motar ta fito da zane-zane kamar jikin damisa. Kuma ba za ka iya gogewa ka gyara ba, domin samfefa za ta yanke ɓarɓashin, tabon ya ƙara fitowa. Bes yana da wani sauƙin kuma: in ka yi kuskure, bayan minti 20 zuwa 30 za ka iya ɗan gogewa ka sake fesawa kafin kiliya ta hau.

Amma idan fari ne, ko baƙi, ko ja, ko wani launi marar ƙyalƙyali, mai ƙyallin kansa ya fi dacewa da mai aikin gida. Kaya kaɗan, haɗi ɗaya, kuma in ya tsiyaya, sai ka bari ya bushe ka goge ka yi folish, launin na nan har ƙasa. Aibinsa shi ne launuka irin ja suna saurin kodewa a rana tunda babu kiliya a sama, sai an riƙa yi musu folish lokaci-lokaci.

Akwai kuma fenti mai hawa uku, irin farin nan mai sheƙin lu'ulu'u: launin ƙasa, sai shafin lu'ulu'un a tsakiya, sai kiliya. Launinsa yana canzawa da yawan shafin tsakiyar, ƙofar da ta samu uku ba za ta yi kama da wadda ta samu biyu ba. Wannan ba aikin koyo ba ne.

Gwangwanin feshi da rola

Gwangwanin feshi mai mililita 400 yawancin abin da ke cikinsa gas ne da tina, fentin kaɗan ne. A aikace, gwangwani ɗaya yana gama kamar murabba'in mita ɗaya da shafi biyu zuwa uku. Lissafa da kanka: mita 13, firaima, launi, kiliya. Kana maganar gwangwani 35 zuwa 45, da yatsa mai ciwo, da rufin mota mai layi-layi, domin faɗin feshinsa ƙarami ne, kafin ka dawo layi na gaba na farko ya bushe. Mafi yawansu kuma ba su da hadina, fetur na zuba a kai zai bar tabo. Akwai masu hadina a ciki, waɗanda ake danna wani maɓalli a gindinsu kafin a girgiza, amma da ka danna, kwana ɗaya ko biyu ne ya rage musu. Gwangwani na ƙananan ayyuka ne, kamar bayan madubi, da bamba, da ƙofa guda. Ƙofa ɗaya ka tanadi biyu na launi, biyu na kiliya, ɗaya na firaima.

Rola ita ce ta fi kowa tattali, kusan duk abin da ka ɗiba yana zama a jikin mota, lita 2 zuwa 3 ta fentin mai ta isa. Kuɗin da ka rage a fenti da gumi za ka biya shi: shafi shida zuwa takwas sirara, kowanne a jira ya bushe, ana gogewa da ruwa a tsakani. Ta dace da motar gona ko ta ɗaukar kaya. Kuma ka sani, ranar da ka so yi mata fentin 2K, wannan fentin man zai iya tattarewa ya yi yamutsi a ƙarƙashi, sai an kankare shi.

Firaima: inda lissafi ya fi karkacewa

Ba kowace mota ke bukatar firaima daga kai har ƙafa ba. Idan tsohon fentin na kamfani ne, bai tsage ba, bai ɓaɓɓako ba, gogewa kawai yake so har sheƙinsa ya mutu: samfefa lamba 400 a ƙarƙashin mai ƙyallin kansa, 500 zuwa 600 a ƙarƙashin bes, 800 in launin mai ƙyalƙyali ne, don shi ba ya ɓoye ƙarce. Firaima sai a wuraren da ka yi ciko da foti ko ƙarfe ya fito. Lita ɗaya ta isa irin wannan aiki.

Kafin ka yanke hukunci, jiƙa tsumma da tina ka ɗora a wani ɓoyayyen wuri na minti ɗaya. In fentin ya yi laushi ko launi ya biyo tsumman, to wanda aka taɓa yi wa motar ba mai hadina ba ne, kuma sabon zai narkar da shi. Ko dai ka kankare, ko ka sa shafin shamaki a tsakani.

Idan har ƙarfe ka kankare motar, lissafi ya canza. Shafi ɗaya ko biyu na firaimar efoksi don tsare tsatsa, kamar lita 2 zuwa 3 haɗaɗɗe. A kanta sai firaima mai kauri ta cike ƙarce, yawanci huɗu da ɗaya, shafi biyu zuwa uku, wadda za ta ci lita 4 zuwa 5, don da bakin bindiga mai faɗin milimita 1.7 zuwa 2.0 ake fesa ta. Kusan rabinta ma a ƙasa zai ƙare a matsayin gari idan ka zo gogewa. Bamba ta roba sabuwa tana son nata maganin kamu kafin firaima, in ba haka ba fentin zai saɓule kamar fatar maciji.

Launin firaimar kansa yana rage maka fenti ko ya ƙara. Ja, rawaya da ruwan lemo ba su da rufi, sukan nemi shafi huɗu ko biyar a kan firaima mai duhu. Sa musu fara ko toka mai haske a ƙasa, su rufe a uku. Abin da ya fi cin fenti shi ne mota mai dabbare-dabbare, nan toka, nan tsohon baƙi, nan ciko. Za ka yi ta zuba launi kana neman su zama ɗaya. Shafi ɗaya na sila (siririn shafin rufi da ake yi dab da launi) mai launi guda a kan motar duka, kamar lita ɗaya da rabi, zai iya rage maka shafi biyu na launi, wanda shi ne ya fi komai tsada a cikin kayan.

Hannu da yanayi

Bes da kiliya da mai ƙyallin kansa duk da bakin bindiga 1.3 ko 1.4 ake fesa su, matsin iska wajen bar 2 (awon agogon iska) a gindin bindigar, tazara santimita 15 zuwa 20 daga jikin mota, kowane layi ya hau rabin na baya. Ja da baya zuwa santimita 30, sai fentin ya bushe a iska ya sauka kamar yashi, ka ƙara shafi don neman sheƙi. Matso kusa ko ka yi jinkiri, sai ya tsiyaya. Masu lanƙwasa wuyan hannu a ƙarshen layi suna zubar da fenti a iska, tsakiyar ƙofa ta yi kauri gefenta ya yi siriri.

Kwamfuresa ma tana cikin lissafin. Bindigar HVLP tana son iska lita 350 zuwa 450 a minti. Ƙaramar kwamfuresa za ta fara da ƙarfi, kana tsakiyar rufi iska ta faɗi, feshin ya koma ɗigo-ɗigo kamar ɓawon lemo. Mai ƙaramar kwamfuresa ya nemi bindigar LVLP mai ƙarancin shan iska, ko ya raba aikin, gefe guda yau, bonet da rufi gobe, in launin marar ƙyalƙyali ne. Ka sa matatar ruwa a layin iska, ɗigon ruwa ko mai daga tanki yana buɗe ƙananan ramuka a fenti kamar idon kifi.

Alƙaluman da ke takardar fenti an yi su ne a kan zafin digiri 20. Idan wurin ya haura 30, nemi tina da hadina masu jinkirin bushewa, kuma kada ka haɗa da yawa lokaci guda. Da hadina ta shiga, agogo ya fara: kiliya awa ɗaya zuwa biyu, firaima mai kauri sau da yawa ba ta kai awa ɗaya ba, a zafi kuma lokacin yana raguwa sosai. Haɗa abin shafi ɗaya, ka fesa, ka sake haɗawa. Yi amfani da kofin awo mai layuka, ka tace kafin ka zuba a bindiga.

Hadinar 2K tana ɗauke da sinadarin aisosiyanet, wanda kan jawo asma, wadda sau da yawa ba ta warkewa. Takunkumin ƙura ba ya tare shi. Abin da ya dace shi ne abin rufe fuska mai kawo iska mai tsabta daga waje, da safar hannu, da rigar da ta rufe jiki, kuma kada a yi feshin kusa da inda mutane ke kwana ko inda wuta take.

Abin da za ka saya

Nemi lambar launin motarka a ɗan allon da ke bakin ƙofar direba, ko cikin bonet, ko cikin but, kada ka dogara da sunan launi. Kan abin da lissafi ya ba ka, ƙara kashi 20 cikin ɗari, kuma rarar ta fi muhimmanci a launi. Kiliya ko firaima in ta ƙare ana samun irinta a ko'ina. Launi kuwa haɗa shi ake yi, kuma haɗi na biyu ba lallai ya fito daidai da na farko ba, ko da lamba ɗaya ce. Ga shi bes yana da iyakar lokacin da kiliya za ta hau shi, yawanci bai wuce awa 24 ba, wasu ma ƙasa da haka. Don haka in gwangwanayen launinka sun fi ɗaya, juye su duka a bokiti guda mai tsabta ka gauraya sosai kafin ka ɗibi na farko. Ware lita 2 zuwa 3 ta tina mai araha don wankin bindiga, kada ka wanke da ta haɗi, da lita ɗaya ta maganin goge maiƙo.

Akwai gwajin da zai gaya maka gaskiyar hannunka kafin ka taɓa motar. Samo tsohon bonet ko falon kwano ka auna faɗinsa, ka zuba mililita 300 a kofi, ka yi masa shafi ɗaya yadda za ka yi wa motar, sannan ka auna abin da ya rage. In murabba'in mita 1.5 ya ci mililita 200, to mita 13 za ta ci lita 1.7 a kowane zagaye, da wannan lambar za ka ninka. Ragowar launin da bai ga hadina ba, rufe shi da kyau ka rubuta lambarsa a murfi, ka ajiye a wuri mai sanyi. Hadina ce ba ta jimiri, da an buɗe ta tana shan laimar iska, cikin 'yan makonni sai ka tarar ta yi kauri ko ta daskare.